Gawo a Tsakiyar Filoti

Filoti na je dubawa, kuma gara in faɗi haka tun da fari, domin kada mai karatu ya zaci na fita daga birnin Kano ne don in yi wa ƙauye kuka alhali ni ma ina cikin masu cinye shi. Na daɗe ina zaman haya a Gyaɗi-Gyaɗi, iyali suna ƙaruwa, mai gidan kuma yana ƙara kuɗi duk shekara, saboda haka da wani dillali ya shaida mini cewa an yanka wata gona a ƙasar Dawakin Kudu, kuma farashin bai kama ƙafar na cikin gari ba, ban yi wata-wata ba na ce mu je in gani da idona. Muka tashi wata ranar Asabar a ƙarshen watan Disamba, da hantsi, hazo ya lulluɓe gari har ba a hango ƙarshen titi, ni ina tuƙi, shi kuma yana gefena da wayoyinsa biyu da wata takarda da aka zana wa layuka da biro.

A yarintata, idan mota ta kama titin Zariya ta wuce Na'ibawa, to gari ya ƙare ke nan, sai gonaki da ɗorawa da 'yan gidajen ƙasa jefi-jefi. Yanzu kuwa mun wuce 'Yan Lemo da 'Yan Katako, mun wuce gidajen mai da manyan ɗakunan ajiyar kaya, mun wuce rukunin gidajen Kwankwasiyya da na Amana waɗanda gwamnatin jiha ta gina tsakanin 2011 da 2015, amma ban ga inda zan nuna in ce nan birni ya tsaya ba. Inda babu gini akwai katangar bulo da aka zagaye fili da ita, inda babu katanga akwai allo mai lambar waya. Tifofi ɗauke da yashin da ake ɗiba a kogin Challawa ta wajen Tamburawa suna ta wuce mu sun nufi gari, ruwa yana ɗiga daga bayansu. A Kwanar Dawaki muka saki babban titi, bayan 'yar tafiya kuma muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar burji, sannan ne iska ta canza, ƙanshin harawa da na kashin shanu ya shigo cikin motar.

Wannan ƙasa da ke zagaye da Kano ba daji ba ce da birni ya zo ya tarar babu kowa a cikinta. Tun kafin zuwan Turawa tana cike da mutane, ana noma kowace gona duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma abin da ya riƙe ƙasar shi ne taki. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna suke shiga birni da itacen girki, su fito da takin bola zuwa gonaki, wato birni da ƙauye suna ciyar da juna kowa yana zaune a mazauninsa. Ita kuwa Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta je can ne domin ta nazarci rayuwar manoman karkara, gidajensu a warwatse cikin gonaki. Duk wanda ya san Ɗorayi ta yau, inda lungu yake bin lungu har ɗan adaidaita-sahu yana rasa wurin juyawa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da shekaru hamsin suke iya yi wa ƙauye idan ya yi makwabtaka da Kano. Wannan tunani nake yi lokacin da dillalin ya ce in tsaya, mun iso.

Gonar tana nan da kunyoyinta na daminar da ta wuce, kututturan dawa ba su ma ruɓe ba, amma an kafa ƙananan turaku a jere, an shafa musu jan fenti. Wannan shi ne abin da Kanawa suke kira awon igiya: mai gona da dillali da wani mai igiya su zo su yanka fili gunduwa-gunduwa ba tare da taswirar hukumar tsara birane ba. Lissafin a fili yake. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, filoti mai ƙafa 50 da 100 kuma bai wuce murabba'in mita 465 ba, saboda haka hekta guda za ta ba da filoti kusan ashirin idan ba a bar hanya ba, idan kuma aka yi hamsin da hamsin, ta ba da ninkin haka. Duk taku ɗaya da aka bar wa titi ko magudanar ruwa ko masallaci ko makaranta kuɗi ne ya fita daga aljihun mai sayarwa, shi ya sa layin da aka nuna mini a matsayin hanya da ƙyar mota biyu za su gifta juna a cikinsa. Dillalin ya taka ya tsaya a tsakanin turaku huɗu ya ce, “Alhaji, ga naka nan. Matsalarsa ɗaya ce, wannan itacen, amma kada ya dame ka, masu injin sara ma su za su biya ka su ɗauke shi.”

Itacen kuwa gawo ne, babba ƙwarai, wanda mutum biyu ba za su rungume gindinsa ba, ga shi kore shar a tsakiyar wannan hunturu da komai ya bushe. A ƙarƙashinsa wani dattijo yana zaune a kan buzu, tumakinsa huɗu da jaki ɗaya suna kiwo a kusa. Na yi masa sallama, muka gaisa, na tambaye shi gida da sanyi, ya tambaye ni hanya da mutanen birni. Da ya gane abin da ya kawo ni bai nuna ɓacin rai ba, sai ya ɗaga kai ya dubi itacen ya ce, “Ɗana, ka san halin gawo kuwa?” Na ce, “Baba, sai ka faɗa mini.” Ya ce duk itatuwa suna yin ganye da damina su zubar da rani, shi kuwa gawo da damina yake tsayawa tsirara don kada inuwarsa ta danne shuka, ganyen da ya zubar ya zama taki, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina a gonar tsawo, sannan idan rani ya yi, ciyawa ta ƙare, ya tofo ya ba da inuwa, 'ya'yansa kuma su riƙe dabbobi har ruwa ya sauka. Ya ce gonar ta wansa ce, ya rasu, 'ya'ya suka raba gado suka sayar, shi kuma yana zuwa ne don tumakin ba su san an sayar ba. Daga nan ya ce bai kamata baƙo ya zo har bakin gari ya juya bai sha ruwa ba. Dillalin ya duba agogo, ni kuwa na ce mu je.

Ƙauyen yana bayan wani jerin itatuwan kuka da rimi, kuma muka shiga ta wani burtali mai faɗi da aka yi wa shinge da aguwa a kowane gefe. Gidajen ba duka ne na ƙasa ba, akwai na bulo da kwanon rufi, akwai faifan sola a kan wasu, amma tsarin garin na nan yadda aka gada: zaure yana fuskantar hanya, rumbuna a bayan gida, an jingina karan dawa tsibi-tsibi domin danga da makamashi, ga kududdufi a gefen gari da ruwansa ya ja baya, yara suna buga tubali a bakinsa. Wasu soraye har yanzu da zankwayensu da indararo, an yi musu rufin azara. Mata suna sussuka a wani fili da aka share, ga sautin taɓarya yana amsa juna daga gida zuwa gida. Ban ji ƙarar janareta ba sai ta injin niƙa guda ɗaya.

Dattijon ya kai mu zauren mai unguwa, inda muka tarar da mutum biyar ko shida suna hira bayan sallar azahar. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono a ƙwarya, kuma da yake dillalin sananne ne a wurin, zancen bai daɗe ba ya koma kan filaye. Na ce, “Ranka ya daɗe, na ga awo ya zo har bakin burtalinku amma bai tsallako ba. Yaya aka yi?” Mai unguwa ya yi murmushi ya ce ba wata dabara ba ce, gemun makwabci suka ga ya kama da wuta suka shafa wa nasu ruwa. Ya ba ni labarin wani ƙauye da ke tsakaninsu da titi, wanda aka sayar da gonakinsa ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan shekaru, har aka wayi gari an toshe hanyar da shanu suke bi zuwa mashaya, an cike kududdufin da ruwan sama yake taruwa a ciki aka yi gini a kansa, damina ta zo ruwa ya rasa mafita ya shiga ɗakunan mutane, maƙabartarsu kuma ta cika babu inda za a ƙara. Waɗanda suka sayar, in ji shi, wasu sun je Hajji, wasu sun ƙara aure, wasu sun sayi babur, kaɗan ne suka sayi wata gonar a nesa, yanzu kuma da yawansu leburanci suke yi a ginin da ake yi a kan gonakin iyayensu.

Abin da su suka yi shi ne suka zauna a masallacin Juma'a, da liman da dattawa da samari, suka fitar da abin da na kowa ne: burtali da mashaya da kududdufi da maƙabarta tare da ƙarin fili a gefenta, da filin idi, da filin makaranta. Suka bi iyakokin da ƙafa suka dasa aguwa da darbejiya, aka rubuta a takarda, aka kai wa dagaci ya sa hannu. Wani attajirin garin ya sayi gonar da ke jikin maƙabarta ya mayar da ita wakafi, kuma wakafi ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Mai unguwa ya ce shi ba shi da ikon hana mutum sayar da gonarsa, amma ba ya zama shaidar cinikin da ya ci wani abu daga waɗannan wurare, kuma mai saye da yake da hankali ba ya biyan kuɗi inda mai unguwa ya ƙi sa hannu. Limamin, wanda ya yi shiru tun da muka zauna, ya ƙara da cewa sun farfaɗo da hukuncin shuf'a da ke cikin littattafan fiƙihun Malikiyya, wato idan magada suna tarayya a gonar da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin su biya kuɗin su karɓe. Ya ce matsalar ita ce wannan haƙƙi yana faɗuwa da zarar an raba gonar an kafa iyaka, shi ya sa suke ba magada shawarar su bar ta a dunƙule kamar yadda ake gandu a da, su riƙa raba amfani maimakon su raba ƙasa. Wasu gidajen sun karɓa, wasu sun ƙi.

A nan ne na gane cewa gado shi ne babbar ƙofar da birni yake shigowa ta cikinta. Gonar da ta ciyar da gida guda a zamanin kaka, idan aka raba ta tsakanin 'ya'ya goma, aka sake rabawa tsakanin jikoki, sai kowa ya tashi da 'yan kunyoyin da ba za su cika masa rumbu ba, amma kuma sun isa a yanka filoti biyu ko uku. Dillali ba ya tilasta wa kowa, yana zuwa ne a daidai lokacin da ake neman kuɗin asibiti ko na kayan ɗakin 'ya mace. Ga kuma ƙofa ta biyu, wato tsoro. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ayyana wani yanki a matsayin birni, da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da shuka da itatuwa masu amfani, ba ta darajar ƙasar kanta a kasuwa ba. Manomin da ke gefen babban birni ya san da haka ko da bai taɓa ganin takardar dokar ba, saboda haka duk lokacin da aka yi raɗe-raɗin za a fitar da sabon titi ko rukunin gidaje, sai ya ga gara ya riga kowa, ya sayar da hannunsa ya karɓi kuɗi mai kauri.

Ina cikin yabon tsarin garin, har na faɗi cewa da ma a bar shi yadda yake, sai wani saurayi da ke tsugune a bakin zauren ya nemi izinin magana. Ya ce, “Malam, kada ka ji haushina, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ka zo da rani, da mota, za ka koma ka kwana inda akwai asibiti. Ka zo cikin watan Agusta ka ga wannan hanyar da ka biyo, ka ga yadda muke ɗaukar mace mai naƙuda a kan babur da tsakar dare.” Ya ce yana da takardar difloma, yana noman kason da ya samu, amma kuɗin buhun takin zamani ya sa lissafin ba ya fita, kuma idan birni ya matso za a kawo kwalta da wuta, shi ma ya buɗe shago. Babu wanda ya katse shi, har mai unguwa. Ni ma ban sami abin cewa ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma na lura da wani abu a kaina da ban so ba: ina son ƙauyen ya zauna da kyansa don in riƙa kallonsa daga tagar gidan da zan gina a kan gonarsa.

Kafin mu tafi dattijon ya ce sai na gaisa da yayarsa, tsohuwar da duk yankin ake sayen daddawa a wurinta. Muka same ta a tsakar gida tana shanya kalwar da aka dafa. Na durƙusa na ce, “Sannu da aiki, Inna,” ta ce, “Sannu ɗan nan, kai ne mai sayen gonar?” Ta gaya mini cewa a da kalwar da take aiki da ita duk daga ɗorawar garin take fitowa, har a rage ta shekara, ɓawon kuma magina su yi makuba su shafe soraye don kada ruwa ya ci su, amma yanzu rabin kalwar daga kasuwa ake sayo mata ita, wasu matan ma sun koma yin daddawar waken suya. A al'adar wurin, in ji ta, itacen ɗorawa yana iya zama na wani ko da gonar ta wani ce, kuma ita tana da guda uku da ta gada a wurin mahaifiyarta, biyu suna cikin gonakin da aka sayar. Ranar da aka yi ciniki maza ne suka zauna, ba wanda ya aiko ya tambaye ta, sai ƙarar injin sara ta ji. A duk zaman da muka yi a zaure ba wanda ya ambaci wannan, kuma ina ganin takardar da suka kai wa dagaci tana da giɓi a nan, domin an lissafa burtali da maƙabarta amma ba a lissafa kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya ba, waɗanda da su mata suke miya da sana'a.

A hanyarmu ta komawa wurin mota na riƙa auna abin da na gani da abin da na sani na wasu wurare. Ingila ta zagaye Landan da wani yanki da doka ta taƙaita gini a cikinsa, daga 1955 kuma aka ƙarfafa wa sauran birane gwiwa su yi haka, kuma ƙauyuka da yawa sun tsira da gonakinsu saboda wannan, ko da yake har gobe ana jayayya a can cewa tsarin yana cikin abin da ya tsawwala kuɗin gida. A Yamai an fara dasa wani shingen itatuwa a gefen birnin tun 1965, amma filaye da gine-gine sun ci babban ɓangarensa. Kano ma ta taɓa samun tsarin shekara ashirin da aka zana mata daga 1963 zuwa 1983, garin kuma ya daɗe da tsallake shi. Layin da hukuma ta ja a taswira ba ya tsayawa idan mutanen da ke zaune a kansa ba su ga ribar tsaron sa ba, haka kuma yarjejeniyar da aka ƙulla a masallaci ba za ta iya da babban aikin gwamnati ko attajirin da ya zo da takardar mallaka ba. Abin da mutanen wannan ƙauye suke bukata, a ganina, bai wuce a shigar da hurumin da suka keɓe cikin taswirar hukuma ba, a gyara musu hanya tun suna ƙauye ba sai sun zama unguwa ba, noman kuma ya riƙa biyan mai yin sa, domin saurayin nan na bakin zaure shi ne zai gaji gonakin, ba dattawan da suka sa hannu ba.

Da muka koma gonar la'asar ta yi, inuwar gawon ta miƙe ta rufe filotin da ake tallata mini da rabin na kusa da shi. Na auna da taku, na ga cewa idan aka bar itacen a tsaye babu inda za a sa ɗaki biyu da falo, balle tsakar gida. Na tambayi dillalin ko za a iya haɗa mini da na gefensa, ya faɗi kuɗin, na yi shiru. Dattijon ya kaɗa tumakinsa ya yi mana sallama, ya ce in gaida mutanen gida, ya cusa mini ƙullin daddawa a hannu ya ce saƙon Inna ne, ya hana ni biya. Muka kamo hanya, muka sake cin karo da tifofin, wannan karon babu kaya sun nufi kogi.

Bayan mako uku dillalin ya kira ni da daddare ya ce wancan filotin wani ya biya, har an sauke bulo. Ban tambaye shi labarin gawon ba. Ya ce amma in kwantar da hankalina, an yanka wata sabuwar gona a jikin burtalin ta wannan gefen, kuma wannan ba ta da itace ko ɗaya, ba sai na sha wahalar neman masu sara ba. Na ce masa zan neme shi. Kuɗin hayata yana ƙarewa ne a watan Maris.